Gadar da Kogi Ya Bari

Dhaka

Zuwa ga ƙanena Tofazzal,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da mutanen Carkandi.

Ka sani dai, ba wanda ya riƙe min hannu. Da dakon rama a bakin kogi na biya wa kaina makaranta har na gama sakandare. Na tsaya takara ba uban gida, na ci. Sau biyu ina majalisa, na kawo muku gada. Da na faɗi zaɓe ban je roƙo ba, gwamnati ce ta nemo ni ta ba ni kujerar shugaban hukumar ayyuka.

Na ji ɗan majalisarku na yanzu zai aza harsashin wata gada. Je ka duba min allon dutsen da ke jikin tawa, ko sun kankare sunana.

Naka,
Sobhan Mridha

Carkandi

Yaya Sobhan,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna tana gaishe ka, ta ce ko ka manta hanyar gida ne.

Allonka na nan, ko ƙwarzane babu. Kogin ne babu. A daminar bara ya cinye gonakin gabas, ya yi wa kansa sabuwar hanya can bayan kasuwa. Gadarka tana tsaye a tsakiyar gonar shinkafa. Mata na shanya a kai, awaki na kwana a ƙasa, mu kuma mun koma kwale-kwale.

Jiya a wurin mai shayi, Kashem ɗan kwale-kwale ya ce min, "Ƙanin Yallaɓai, gai da yayanka. Da ya daɗe a majalisa, da na yi asarar sana'a!" Aka yi ta dariya, har da ni, ka yafe.

An ce ba za a fara sabuwar ba sai an rushe tsohuwar an kwashe ƙarafanta don a gina sabuwar da su, kuma takardar tana ofishinku tun bara tana jiran sa hannu. In ka yarda, in ciro allon in ajiye maka a ɗaki kafin a zo.

Ƙaninka,
Tofazzal

Dhaka

Tofazzal,

Sallama. Gai da Inna.

Na nemo takardar. A teburina take, na san da ita, ban dai buɗe ba. Yau na sa hannu, a rushe.

Kada ka ciro allon, ban yi aiki don a ɓoye ni a ɗaki ba. Ka je wurin ɗan majalisar da kanka, ka ce masa ƙarfen da zai taka nawa ne. In ya rubuta sunansa a sabon allo, ya sa nawa a sama da shi: Sobhan Mridha, cikakke, ba a taƙaice ba.

Yayanka,
Sobhan