Lasisin Ma'aunin Rima

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Na dawo daga makaranta, ko hijabi ban cire ba na buɗe kwamfuta. Saƙo daga kamfanin nan na Legas da ke sayar wa masu casar shinkafa manhajata da sunansu: wai ta tsaya, in gyara kafin jibi. Ko sallama babu.

Shekara shida ina riƙe da manhajar, Ma'aunin Rima, ni kaɗai. Na rubuta ta ne don manoman fadama su riƙa samun saƙon waya idan kogin Rima ya fara cika. Na sake ta kyauta, kowa ya ɗauka ya yi yadda ya so. Sun kuwa ɗauka.

Na gyara musu. Haushin kaina nake ji.

Asabar, 20 ga Yuli

Argungu, wurin Inna. Tana gyaran kifi, ni ina laluben soket, don batirin kwamfutar ya mutu tun bara. Ta ce, "Jannatu, wanga aiki da ka hana ki zama da mutane, wa ka biyanki?" Na ce don Allah nake yi. Ta ce ai mai yi don Allah ma yana cin tuwo.

Talata, 30 ga Yuli

Zan canza lasisi, wato sharuɗɗan amfani da manhajar. Manoma da makarantu kyauta, kamfani ya biya. Amma sai Ayobami ya yarda, shi ya rubuta ɓangaren tura saƙo kafin ya koma Ibadan. A unguwa ɗaya muka tashi, Hausarsa ta fi tawa.

Na kira shi. Ya ce, "Haba Jannatu, ba cewa muka yi kyauta har abada ba?" Na ce, "Kai ka faɗa ka tafi. Ni aka bari da ita." A haka muka ajiye waya.

Alhamis, 1 ga Agusta

Ya rubuto: "Na amince." Shi ke nan. Da faɗa ya yi min da ya fi sauƙi.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na canza. Mutanen da ba su taɓa gyara ko harafi ɗaya ba suna kirana maciyiyar amana, da Turanci, daga ƙasashen da ban san inda suke ba. Kamfanin kuwa ya kwashi tsohon kwafin ya ci gaba da abinsa. Tsohon lasisin ya ba su dama, ni na rubuta shi da hannuna.

Ba wanda ya biya. Ba wanda zan faɗa wa ya gane.

Lahadi, 25 ga Agusta

Hajiya Baiwa, shugabar matan da ke noman shinkafa a Zauro, ta zo har gida a kan babur. An ce mata wai zan rufe saƙon ruwa, ga kogi yana hauhawa. Na yi ta bayanin lasisi, ta katse ni: "Ni ban san wannan ba, ɗiyata. Bara saƙonki ya sa muka janye injinan ban ruwa kwana biyu kafin ambaliya. In shinkafa kike so, in an yi girbi za mu kawo. Amma in kin kwanta ciwo fa, wa zai aiko mana?"

Na yi dariya. Ba ta yi ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Ruwa tun asuba. Saƙo ya tafi Zauro da Ambursa lafiya.

A saman shafin manhajar na ƙara layi ɗaya: ana neman wanda za mu riƙe ta tare. Sau uku ina gogewa. Ba gajiya na yi ba, tsari ne kawai.

Na bar shi dai. Tun azahar nake leƙawa ko wani ya amsa.