Na Rufe Bakina, Waƙar Ɗalibaina Ta Watse

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara. Yau kwana tara ke nan abu yana cin raina, kuma na kasa gaya wa kowa a gidanmu.

Ni ɗaliba ce a jami'a, ina shekarar ƙarshe, ina karanta koyar da waƙa, wato in na gama zan zama malamar da ke horar da ƙungiyar mawaƙa a makaranta. Na fara da wannan bayani ne domin duk wanda ya ji abin da nake karantawa sai ya tambaye ni wai ita ma waƙar har sai an je mata jami'a. Yayana har gobe Zabiya yake ce mini. Babana kuwa haɗa magunguna ya so in karanta, sai da muka yi wata uku muna ja kafin ya sa hannu a takardar, kuma sharaɗi ɗaya ya kafa mini, in na fara sai na gama.

Ba yabon kai ba, Anti, Allah ya ba ni murya. Tun ina firamare ni ake turawa gaba, a sashenmu ma in ana neman mai jan waƙa ba a wuce ni. Na saba in buɗe baki a yi tsit, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin hakan.

To wannan zangon aka tura mu koyarwar gwaji. Ni aka kai ni wata sakandare, aka ba ni yara talatin da huɗu 'yan aji biyu. Ɗakin da muke atisaye tsohon ɗakin ajiye kaya ne, benci shida, da fiyano mai maɓalli biyu da suka mutu, da fanka mai ƙara wadda sai mun kashe ta muke jin junanmu, mu yi ta gumi. Talata da Alhamis bayan an tashi muke haɗuwa. Na raba su gida biyu, masu siririyar murya a hagu, masu kauri a dama, na koya musu waƙa mai baiti uku wadda kowane ɓangare yake da tasa hanyar. Sati takwas muka yi. Shugaban makarantar in zai wuce sai ya tsaya ta taga yana gyaɗa kai, har masu shara sukan jingine tsintsiya su saurara. Ni dai na riga na ba kaina maki.

Ranar dubawa malamar da ke kula da ni ta zo, dattijuwa ce, ita ta koya mana yadda ake tafiyar da mawaƙa da hannu. Ta zauna a bencin baya da fayil ɗinta. Muka rera waƙar tiryan-tiryan, ba tuntuɓe. Sai ta ce a sake, amma wannan karon in rufe bakina, hannu kawai zan yi amfani da shi. Har murmushi na yi. Na ba su sauti a fiyano, na ɗaga hannu, na sauke. Anti, ba wanda ya shiga. Duk bakina suke kallo. Na sake ɗagawa, wasu suka fara, wasu suka biyo a baya, masu kaurin murya suka saki hanyarsu suka bi ta 'yan hagu. Da aka zo baiti na biyu sai na gane rabinsu ba su ma haddace kalmomin ba, ashe a leɓena suke karantawa duk tsawon lokacin nan. Waƙar ta mutu a tsakiya, wata yarinya ta tuntsire da dariya, sauran suka kama. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

A gaban yaran malamar ta ce sati takwas ban koyar da kowa ba, wasa na shirya wa kaina na tara 'yan rakiya. Ba ta ba ni makin wucewa ba. Ta ce za ta dawo bayan sati biyar, kuma ranar ko tari ba ta so ta ji daga bakina. In na sake faɗuwa sai na maimaita shekara, ba zan fita da 'yan ajinmu ba.

Haushinta nake ji har yanzu. Ƙawayena sun ce in kai ƙararta wurin shugaban sashe, tunda babu inda aka rubuta cewa malami ba zai rera tare da ɗalibansa ba, kuma su ba a yi musu wannan gwajin ba. Wani malaminmu kuma ya taɓa ce mini sashen mawaƙan dandamali ya fi dacewa da ni, yanzu maganarsa ta dawo mini, ko da yake komawa can ma zai ci mini shekara. Tun ranar dubawar ban koma sakandaren ba, atisaye biyu sun wuce, na aika cewa mura nake yi.

Abin da ban gaya wa ƙawayen ba shi ne, na san abin da nake yi. Duk lokacin da yaran suka kauce sai in ɗaga murya in rufe kuskuren, domin ba na iya jure jin sauti ya karkace, balle in shugaban makaranta yana taga. In kika ce in faɗi yadda muryar kowannensu take, ba zan wuce biyar ba. Anti, in kai ƙarar, ko in canza sashe, ko in koma? Kuma da wane baki zan gaya wa Baba?

Ɗaliba mai murya

AMSA

Ƙanwata, kafin komai, ranar atisaye mai zuwa ki saka takalminki ki koma makarantar nan. Murar ƙarya ta isa haka. Kina lissafin kunyarki, kin manta akwai yara talatin da huɗu da suka ga malamarsu ta ɓace tun ranar da suka kasa, kuma yaro a irin wannan hali kansa yake ɗora wa laifi. Ki gaya musu a fili cewa kuskuren naki ne, ba nasu ba. Girmanki ba zai ragu ba.

Malamarki ta yi kuskure wuri ɗaya. Ba a kwance wa malami zani a gaban ɗalibansa, da ta jira kun fita. Kina da damar ki same ta ke kaɗai ki gaya mata cikin ladabi cewa abin ya yi miki ciwo. Amma maganar da ta faɗa gaskiya ce, ke ma kin shaide ta a ƙarshen wasiƙarki tun kafin ni in buɗe baki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, da faɗuwarki take so da ba ta ba ki sati biyar ba. Batun kai ƙara ki ajiye shi. Ko kin yi nasara a ofis, yaran nan ba za su iya baiti na biyu ba, kuma su ƙawayen da ba a gwada su haka ba, ba gata aka yi musu ba.

Canza sashe kuma ba aibu ba ne, rera waƙa sana'a ce mai mutunci. Sai dai ba a yanke irin wannan shawara da zafin kunya. Ki gama sati biyar ɗin tukuna. In kin ga yara sun rera da kansu amma zuciyarki ba ta motsa ba, to ki canza da hujja, ba da gudu ba.

Ni ba mawaƙiya ba ce, don haka na kai matsalarki wurin wata maƙwabciyata da ta yi shekara talatin tana wannan aiki kafin ta yi ritaya. Dariya ta yi, ta ce duk mai murya sai ya faɗa wannan ramin. Ta ce ki rera layi sau ɗaya, ki yi shiru su maimaita sau uku, in sun kauce ki bar kuskuren ya fito kowa ya ji shi, sannan ki gyara. Ki rubuta kalmomin a allo, kina goge su kaɗan-kaɗan. Ki riƙa sauraronsu huɗu-huɗu har ki san muryar kowa. Wani lokaci ki koma bayan ɗaki ki tsaya inda ba sa ganin bakinki. In baiti uku ya yi yawa ki nemi izini ki rage zuwa biyu. Ni kuma na ƙara da cewa ki roƙi malamarki ta bar ki ki kalli atisayenta ko sau ɗaya, irin waɗannan dattijan ba abin da ke sanyaya musu rai kamar ɗalibin da ya dawo neman ƙari.

Baba kuma ki gaya masa da kanki cikin satin nan, a taƙaice, an ba ki gyara kuma kina kai. Ya fi ya ji a bakin wani.

Ki sa a ranki tun yanzu, waƙar da za su yi ranar ba za ta kai taki daɗi ba, za ki ji inda ta karkace, bakinki zai yi ta ƙaiƙayi. Ki danne. Ita wannan karkatacciyar tasu ce, kuma ita aka aike ki ki fitar. Allah ya ba ki haƙurin yin shiru, ya ba ki sa'a ke da yaranki.

Antinku