Kwanon Da Muka Suɗe

Gezawa.

Zuwa ga aminina Tasi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina Furera da yara? Mun iso gida lafiya ni da ƙanena Usaini, amma wallahi kunya ta hana ni sakat.

Tun da farin nan ya ƙone mana gonaki, rabona da shinkafa har na manta. Da matarka ta aiko da kwanon nan zaure, shinkafa da miyar kaza, mai yana ƙyalli, sai hankalina ya gushe. Kai ka yi loma biyu ka tsame hannu kana ba mu labarin birni, mu kuwa muka yi ta zubawa har Usaini ya suɗe gefe.

Da na fito wanke hannu na ga 'ya'yanka uku a rakuɓe bayan ƙofa. Ƙaramar ta ɗauki kwanon, ta ɗaga murfi, ta leƙa, ta mayar ta rufe. Ni da Inna ta koya wa cewa ragowar baƙo rabon yaran gida ce! Ka yafe mini.

Naka,
Muntaka.

Fagge, Kano.

Muntaka sarkin loma,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya. Kai dai ba ka rabuwa da ƙauyanci! Nan birni ne, tukunya a cike take, yaran nan kwaɗayi ne kawai. Furera ma daɗi ta ji, ta ce an yaba girkinta. Ka bar zancen nan.

Ka gaida Inna.
Tasi'u.

Gezawa.

Tasi'u,

Bayan gaisuwa. Direban da ya kawo takardarka ya gaya mini an rufe masaƙarku tun kafin azumi, kuma kazar da muka ci ita ce mai yi wa yaran ƙwai. Ashe abincin gidan gaba ɗaya aka ɗora mana. Ban san da wane ido zan kalli Furera ba. Ga ɗan gero nan a buhu, muna da shi da yawa. Don Allah kada ka ce a'a.

Muntaka.

Fagge.

Ɗan'uwana,

Salamu alaikum. Gaskiyar direba ne, kunya ce ta sa na yi maka ƙarya. Amma kai ma ka yi mini. Furera na kwance buhun ta ga zangarniya manya-manya, zaɓaɓɓu, suna ƙaurin hayaƙin madafa. Ta zauna tana hawaye, ta ce, "Malam, wannan ai irin shukarsa ne."

Ga shi nan na maido, ko ƙwaya ba mu taɓa ba. Ruwa na sauka ka shuka. In Allah ya kai mu kaka zan kawo maka yaran nan uku, ka sa a cika musu kwano. Na riga na gaya musu kada su rage maka ko loma.

Wassalam,
Tasi'u.