Kujerar da Na Auna da Jikina

Ya ke sanyin idona, ruwan randata a ranar zafi, farin watan da ya sauko ya yarda ya zauna a ɗakin kafinta! Ya ke uwar 'Yar Baba, mai haƙurin da ya fi ƙarfin bakina!

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, kai a sunkuye. Yaya jikinki? Yaya bayan naki? Yaya 'yar mitsitsiyarmu, ta fara kama nono yadda ya kamata? Yau kwana tara ke nan da Yayarki ta tafi da ku gidanta wai ki huta kwana biyu, kuma tun ranar ban kira ki ba. Wallahi ba girman kai ba ne, kunya ce. Na sha danna lambarki ina gogewa. Shi ya sa na yago takarda daga littafin da nake rubuta awon mutane, ko hannu zai iya faɗin abin da ya gagari baki.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagona? Kin kawo 'yar kujerar mahaifiyarki da ƙafa ɗaya ta karye. Na ce ki zauna a benci kafin in gama. Kika zauna, ƙafafunki suka tsaya a sama suna lilo, har takalminki ɗaya ya suɓuce ya faɗa cikin garin katako. Kika tuntsire da dariya, kika ce duk kujerun duniya dogayen mutane ne suka yi wa kansu, ku gajeru sai dai ku yi ta reto kamar wanki a igiya. Ni kuma da rawar kai irin ta samari na duƙa na ɗauko takalmin, na kaɗe shi, na ajiye a gabanki, na ce in Allah ya sa kika zama tawa, ƙafarki ba za ta ƙara lilo a kujera ba. Kika kalle ni ta wutsiyar ido kika ce, “Alkawarin kafinta? Ai kullum sai gobe.” Wayyo, wannan dariyar! Da ita na yi ta aiki har na buge yatsana da guduma sau biyu a yinin nan.

Masoyiyata, kin san yadda nake aiki. Ba wanda ya taɓa zuwa in yi masa kujera ban durƙusa na auna shi ba. Daga bayan gwiwa zuwa ƙasa, daga ƙugu zuwa kafaɗa, daga gwiwar hannu zuwa mazauni. Tsohon telan da ke kusa da shagona na auna shi, direban nan mai tumbi na auna shi, har maigadin da ke gyangyaɗi a bakin ƙofa sai da na auna shi. Amma da cikinki ya kai wata bakwai na ce zan yi miki kujerar shayarwa a ɓoye, in ba ki mamaki. Na zaɓi katakon da na ɓoye shekara uku ina tattalinsa. Na sassaƙa furanni a hannayenta, na ɗaga bayanta sama, na goge ta na shafe ta sau uku har mutum yana ganin fuskarsa a jiki. To awon wa na ɗauka? Nawa! Ni da kike tsokana da sunan Falwaya saboda tsayina, ni na zauna a kanta, na miƙe ƙafa, na ce ta yi daidai. Kafintan da ya auna maigadi bai auna matarsa ba.

Da 'Yar Baba ta zo duniya muka dawo daga asibiti, ban ba ki kujera ba, na ɗora ki ne a kan abin da nake so a yaba. Duk wanda ya zo barka sai na ja shi ɗaki: ku ga aikin hannuna, ku shafa nan, ku ga yadda furen ya fito. Ke kuwa kina zaune a sama, ƙafa na reto, bakin kujerar yana cin bayan gwiwarki. In kin jingina, yarinya ta yi miki nisa. In kin sunkuyo, baya ya ɗauki zafi. Hannayen kujerar sun yi sama, sai kin ɗaga kafaɗa har kunne. Ga ɗinkin haihuwa bai warke ba, ga katako mai santsi yana zame da ke. Duk wannan a gaban idona aka yi, amma idona yana kan furanni.

Kuma kin faɗa min. Wannan shi ne abin da ya fi ci na. Da muryarki mai laushi kika ce, “Ta ɗan yi min tsayi.” Na ce sabuwa ce, sai kin saba. Kika sa matashi a hannun kujerar don kan yarinya ya daina bugun sassaƙa, na zare shi wai yana rufe ado. Na zare shi, hasken raina, da hannuna! Ranar da muka kai ta awo, malamar asibiti ta ɗora ta a sikeli, ta ɓata fuska, ta ce sati biyar amma nauyin bai ƙaru yadda ake so ba. Ta duba ki ta ga kan nono ya tsattsage, ta tambaye ki yadda kike zama in za ki shayar. Kafin ki buɗe baki na amshe, na ce ai kujerarta ba ta da ta biyu. Kika sunkuyar da kai kina gyara wa yarinya hula.

Sai ranar nan. Babur ya yi faci a hanya, na bar shi wurin mai gyara, na tako gida da ƙafa da tsakar rana don in ɗauki tef ɗin awo da na manta. Na turo ƙofa ta ƙi buɗewa sosai. Na leƙa, sai ga ki a bayan ƙofar, zaune a ƙasa a kan 'yar tabarma, baya a jingine da bango, matashi a cinya, 'Yar Baba tana tsotso a natse, hannunta ɗaya a kan ƙirjinki, ke kuma kina yi mata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ban taɓa ganin fuskarki a sake haka ba tun da kika haihu. Yayarki tana bakin gado tana ninke kaya, kujerata kuwa an jibge ta da wanki.

Kina gani na kika zabura. Kika zare nono daga bakin yarinya, ta tsala ihu, kika yunƙura za ki tashi ki je kujerar. A nan ya kamata in durƙusa. Me na yi? Na ɗaga murya. Na ce matar kafinta a ƙasa kamar wadda ba ta da kowa, so kike a yi min dariya a gari? Yayarki ce ta ajiye rigar da ke hannunta ta ce, “Ƙanena, kullum in ta ji ƙarar babur ɗinka take tashi ta hau kujerar nan. Yau ba ta ji ba, shi ke nan laifinta.” Ta haɗa muku kaya a jaka ɗaya, ni kuma na tsaya riƙe da tef kamar wanda aka dasa.

Ashe ƙarar babur ɗina tsoro take ba ki? Ni da nake zaton in kin ji ta zuciyarki tana yin sanyi! Ashe duk dawowata gida cire wa 'yata abinci nake yi daga baki? Wane irin uba ne wannan? Wane irin miji? Ina jin kunyarki, ina jin kunyar Yayarki, ina jin kunyar yarinyar da ba ta ma san sunana ba tukuna. Tela ya tambaye ni ina maijego, na ce tana lafiya, na shige shago na rufo ƙofa.

Shekaranjiya da safe ina share ɗaki na rufe ƙofar, sai na ga wani tabo a bango, ƙasa-ƙasa, zagayayye kamar bakin kofi. Na duƙa na shinshina. Man kitsonki ne. Wurin da kike jingina kai ne, kullum, har fenti ya sha ya canza kala. Sau nawa mutum zai jingina kafin bango ya riƙe alamarsa? Na zauna a wurin, na sa kaina a saman tabon, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Sannan na ɗauko tef na auna daga ƙasa zuwa tabon. Awonki na farko da na taɓa ɗauka ke nan, kuma bango ne ya ba ni, ba ke ba.

Daga nan na kai kujerar shago, na ɗora ta a kan bulo har ƙafata ta bar ƙasa. Na naɗe jakar ƙusa a tawul, nauyin 'Yar Baba, na rungume ta a ƙirji na zauna. Ko minti ashirin ban kai ba. Ƙafa ta mutu, kafaɗa ta ƙage, ƙugu ya ɗauki wuta. Ke kuwa sau takwas, sau goma a rana, da ɗinki a jiki, kina yi wa baƙina murmushi. Wallahi ban cancanci murmushin nan ba.

Jiya na koma wurin malamar asibiti ni kaɗai, na zauna a layin mata suna kallona. Wannan karon na yi shiru na saurara. Ta ce tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, ƙugu ya sami abin tokara, hannu ya huta a wuri mai laushi, a kawo yarinya ga nono ba uwa ta bi ta da sunkuyo ba, ruwan sha kuma ya kasance inda hannu zai kai. Na rubuta duka. Na dawo na warware kujerar gaba ɗaya. Furannin nan na kankare su tas, ban ji komai ba. Na yanko soso mai kauri, na samo yadi mai laushi wanda ake cirewa a wanke. Bayan kujerar na rage shi daidai awon bango.

Amma ƙafafun ban taɓa su ba. Sau uku ina ɗaukar zarto ina ajiyewa. In na yanke da ka, ai na koma gidan jiya: ni ne dai nake yanke miki abin da ya dace da jikinki. Hannayen ma suna jingine a gefe, ban buga musu ƙusa ko ɗaya ba, don ba wanda ya san inda gwiwar hannunki take sauka in kina riƙe da ita sai ke.

Saboda haka, ya ke tauraruwata, ba roƙonki nake ki dawo yau ba. Zauna har jikinki ya yi ƙwari, har sikeli ya faranta mana rai. Abu ɗaya nake roƙo: ki ba ni izini in zo gidan Yaya da tef ɗina. Ki zauna duk inda ya fi miki daɗi, ki sa ta a nono, ni kuma in durƙusa a gabanki kamar ranar takalmi, in auna, in yi shiru. In kin ce sama, sama. In kin ce ƙasa, ƙasa. In Yaya tana da sauran faɗa ta yi, na ci bashinsa da bakina.

In kuma an gama kika zauna kika ji har yanzu bayan ƙofa ya fi, to bayan ƙofa ya fi. Na shimfiɗa miki katifa a wurin, na jera matasai uku, na sa ɗan teburi na kofin ruwa. Tabon ban shafe shi ba, kuma ba zan shafe ba. Babur kuwa daga yau a bakin layi zan riƙa kashe shi in turo shi da hannu, har ranar da za ki ce min da bakinki ƙararsa ta daina tayar da ke.

Ki shafa min kan 'Yar Baba. Ki gaishe da Yaya, ki ce mata ƙanenta ya ji.

Naki ke kaɗai, yau da gobe da bayan gobe, har ranar da hannuna zai kasa riƙe guduma,

Falwayarki, kafintan da ya yi miki alkawari ƙafarki za ta taka ƙasa, kuma bai cika ba tukuna.