Na ce amin ga addu'ar da aka yi a kaina

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni, don zagin da nake wa kaina ya ishe ni.

Ni mutumin Damagaram ne, ina da shagon kayan masarufi a unguwar Sersouf, nan Tamanrasset, ƙasar Larabawa. Ina da aboki tun muna lekkol, wato makarantar boko, zan kira shi Habu, ɗan jarida ne a wani gidan rediyo na garinmu. Mahaifiyarsa, Inna, ita ta riƙe ni bayan rasuwar tawa uwar, kwano ɗaya muka ci da shi. Amma gaskiya ɗaya ce, tun da muryarsa ta fara fita a rediyo wani abu yake sukar zuciyata. Shi ana gaishe shi a hanya, ni ina nan ina auna shinkafa. Hassada ce, yau na kira ta da sunanta.

Kwanakin baya wani babban ɗan siyasar yankinmu ya cika Fesbuk da cewa ya maido samarinmu gida ya ba su aiki, babu sauran wanda ke ɗaukar siminti a ƙasar mutane. Sai Habu ya zo ya gani da idonsa. Ya sauka wurina, ya bi wuraren gini yana ɗaukar muryoyin yara, ga su nan birjik, babu wanda aka maido. Ranar da zai koma, Balaraben da nake haya a shagonsa, dattijo ne fari tas mai saka kwat, ya ce baƙo ba ya barin garin nan hannu sake, ya miƙa masa ƙunshin dabino. Na ɗauke su hoto biyu, a ɗaya Habu yana karɓa, a ɗayan ya buɗe ledar yana dariya da dabino a baki.

Na farkon na tura wa wani Alhaji da ke fitar min da kaya a dowan, wato kwastan, alhali na san yaron ɗan siyasar nan ne. Ya tambaye ni, "Wane ne wannan farin?" Da na ce mai shagona ne, da magana ta ƙare. Sai na rubuta, "Wa ya sani, Alhaji, ƙila mai gidansa ne." Har da alamar dariya. Me ya kai ni? Me Habu ya tare min?

Rahoton na fita, ɗan siyasar ya saka hoton nan a shafinsa, ya rubuta cewa ga maci amanar ƙasa yana karɓar ladansa daga hannun Turawa, kuma duk 'yan jarida haka suke. Kafin la'asar ya zaga ko'ina. A bakin shagona, yaran da Habu ya zauna da su a kan bulo su ne ke miƙa wa juna waya, ɗayansu yana cewa, "Ashe saida mu ya zo yi!" Suka ce, "Maigida, kai da ka sauke shi, ba ka ga komi ba?" Na ce ni ina cikin shago. Balaraben mai shagon ya tafi Alje, babban birninsu, jinya, bai ma san an mayar da shi Bature ba.

An jefi gidan rediyon da duwatsu, masu gidan suka dakatar da Habu, bayan nan jandarma suka tafi da shi, har yau yana hannunsu. Matarsa na da tsohon ciki. Lauyansa ya ce abu ɗaya zai taimaka, a samu wanda ya ɗauki hoton ya faɗi abin da ke cikin ledar. Habu ya san ni ne, ba wanda ya riƙe waya a wurin sai ni, amma an ce ko da aka matsa masa cewa ya yi bai tuna ba. Wannan ya fi komai ci min rai. Hoto na biyu yana cikin wayata, na buɗe shi na rufe ban san adadi ba. In na fitar da shi Alhaji zai juya min baya, wannan da sauƙi, arziki na Allah ne. Inna ce ba zan iya haɗa ido da ita ba.

Jiya ta kira ni, muryarta ta dushe. Ta ce, "Ɗana, kai kaɗai gare ni a can. Ka bincika min wanda ya yi wa ɗan'uwanka wannan aiki." Na ce to, Inna. Ta ce, "Ban taɓa yi wa ɗan kowa baki ba, amma wanda ya ba da hoton nan, Allah ya hana shi kwanciyar rai yadda ya hana ni." Ta tsaya jiran amin ɗina, kamar yadda ta saba in ta yi addu'a. Na ce amin.

Jama'a, in na yi magana Habu zai iya fitowa, ni kuma na rasa uwar da ta rage min. In na yi shiru, matarsa za ta haihu yana tsare. Me zan yi?