Hannun da ke Cikin Hoton Alkaki

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Yaya Habibu ya dawo daga taronsu na Malali yana ta hura hanci. Wai wata malama daga jami'a ta zo bincike a kan masu rubutu a kundin ilimin nan na intanet, wanda kowa ke iya shiga ya rubuta da Hausa. So take ta san mata nawa ne a ciki. Wai ta yabe shi a gaban kowa: namiji guda ya rubuta shafi goma sha ɗaya a kan kayan gara.

Namiji guda.

Shi da bai san nakiya ba sai a baki. Ni na rubuta su duka. Alkaki, dubulan, nakiya, har yadda ake jera su a fanteka. Kullum bayan la'asar idan ya tafi ƙwallo yakan bar wayarsa a caji, sunansa a buɗe a shafin. Ya sani sarai. Shi ma ya fara cewa, "Rubuta mana, yawan gyarana ya ƙaru."

Litinin, 6 ga Mayu

Baba ya ce babu 'yarsa da za ta riƙe waya sai ta gama sakandare. Ina aji ɗaya. Shi ya sa ba ni da suna a can.

Asabar, 11 ga Mayu

An ce kowa ya zo taron da ƙanwarsa, Yaya ya tafi da ni. Wani ɗaki ne a saman shago, kwamfuta shida, biyu ba sa tashi. Mai binciken, Malama Rahmatu sunanta. Tabarau, jaka, Hausa rabi Turanci rabi.

An buɗe wa 'yan mata goma sha biyu suna. Fatima maƙwabciyarmu ta kusa rabin awa tana zaɓen nata, wai sai da "Gimbiya" a gaba. Daga nan hoto. Kowacce ta ɗora yatsa a kan kwamfuta tana murmushi kamar tana rubuta wani abu.

Malamar ta ce, "Me ke hana 'yan mata rubutu?" Fatima ta ce, "Data, Anti." Aka yi dariya, ita kuwa ta rubuta a littafinta da gaske.

Ni ina can baya. Ta tambayi sunana, muryata ta ƙi fita. Ta yi wani rubutu. Na san abin da ta sa: mai kunya, ba ta san komai ba. Ban buɗe suna ba, don in Baba ya ji.

Talata, 14 ga Mayu

Na wuni gidan Goggo Hassana, yayar Baba, nan Abakpa. Garar wani biki take yi. Duk abin da na rubuta a bakinta na ji. Ta ce, "Wai da gaske har mutanen Kano na karanta alkakina?" Na ce har na Nijar. Ta ce, "To kin faɗa musu kar su cika kanwa?"

Hoton da ke shafin alkaki a tsakar gidanta na ɗauka. Hannuna ne na hagu riƙe da shi, har tabon da tafasasshen suga ya yi min a gindin babban yatsa bara.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na duba 'yan mata goma sha biyun nan. Ko wasali ɗaya ba wadda ta rubuta. Amma an ƙirga su. Ni babu.

Asabar, 18 ga Mayu

Malama Rahmatu ta zo gidanmu hira da Yaya, har da na'urar ɗaukar murya. Ya sa sabuwar shaddarsa. Mama ta aike ni da zoɓo.

Ina shiga na ji tana cewa, "Malam Habibu, ka rubuta cewa ana barin kwaɓin alkama ya kwana. Me ya sa?"

Ya yi gyaran murya. "Eh to, Malama, don ya huta ne."

Ya huta! Saura kaɗan tiren ya suɓuce min. Don ya yi tsami ya tashi ne, yana nan a layi na huɗu, ko karantawa bai yi ba. Ita ma ta gyaɗa kai. Jami'a ke nan.

Da na miƙa mata kofi ta tsaya kallon hannuna. Ta kalli kwamfutarta, ta sake kallon hannun. Na ja mayafi na fita.

Lahadi, 19 ga Mayu

Wai malamar za ta sa Yaya a rahotonta, kuma zai yi jawabi a jami'a farkon wata, a kan maza masu rubuta ilimin mata. Ya ce in rubuta masa komai a takarda ya haddace.

"Ke, in ta tambaye ki, ba ki san komai ba. In Baba ya ji, ni da ke ne."

Na ce, "To Yaya, bari in huta tukuna, kamar alkama." Ya jefe ni da filo.

Ban rubuta masa ba. Amma ba zan faɗa wa kowa ba. Wa ma zai tambaye ni.

Laraba, 22 ga Mayu

Malamar ta biyo ni har gidan Goggo, wai alkaki ta zo saya. Wayo a fili. Ta zauna a tabarma ta juyo min da hoton.

"Na'ima, wa ya ɗauki wannan?"

Na sunkuyar da kai. Goggo ko juyowa ba ta yi daga kasko ba, ta ce, "Ai ita ce mai rubutun, Hajiya. Shi wancan ci kawai ya iya."

Da ƙasa ta tsage da na shige.

Malamar ta sake kallon hoton. Sai ta ce ta yi kuskure, wata uku tana ƙirga sunaye, sunan maza gefe, na mata gefe, ba ta taɓa tambayar wa ke riƙe da wayar ba. Wata uku! Fatima ma da an tambaye ta ta san duk layinmu wayar yayye ake ɗauka.

Ta ce za ta gyara. Kuma kar in damu, a dokar bincike ba a sa sunan yara. "Wata yarinya mai shekara goma sha uku" za ta rubuta. Har da murmushi, wai ta kyauta min.

Ka ji fa. Ta ciro ni daga sunan Yaya ta kai ni inda babu suna gaba ɗaya.

Abu ɗaya na iya tambaya, shi ma a hankali: ana iya mayar da shafukan sunana? Ta ce a'a. Tarihin shafi ba ya gogewa. Habibu ne har abada.

Asabar, 25 ga Mayu

An fasa jawabin. Yaya ba ya min magana, ya canza lambar buɗe waya. Shafin gireba na nan rabi, na tsaya a "sai a murza fulawa da". Duk wanda ya shiga haka zai gani.

Oho. Dama me aka ba ni.

Litinin, 27 ga Mayu

Na yi ta juya ƙarshen jimlar nan a darasin lissafi.

Laraba, 29 ga Mayu

Goggo ta zo da kanta. Ina ɗakin Mama ina ji. Ta faɗa wa Baba komai. Ya ce ai ya kafa doka.

Ta ce, "Idirisu, cewa ka yi kar ta riƙe waya. To wayar tawa ce. Ni zan riƙe, ita ta danna."

Baba ya ce, "Haba Yaya."

"Sana'ar uwarmu ce take rubutawa. Kai ka rubuta?"

Daga ƙarshe Baba ya yarda. Ya ce a gidanta kawai, a gabanta, kuma in jarrabawa ta yi ƙasa an gama. Bai kira ni ba. Da safe dai ya ce, "Ke ce marubuciyar?" Ban gane faɗa ne ko ba'a ba.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na buɗe suna a wayar Goggo. Na rubuta Na'ima Abakpa, na goge, na sake rubutawa. Goggo ta ce hannunta ya gaji da riƙo, in yi sauri ko ta ajiye.

Na ƙarasa gireba. A tarihin shafin Habibu sau tara, sannan ni a sama, layi ɗaya. Ban wani tsaya kallonsa ba. Sau uku ne ko huɗu.

Malamar nan ta bar takardar tambayoyi wajen Goggo. Na ce ba zan cika ba, kuma ban cika ba. Ta huɗun ce kawai ta ba ni haushi: "Kina da waya?" Na soke ta da biro, na rubuta a gefe: "Wayar wa kike ɗauka, kuma sunan wa ke ciki?" Na sa sunana a ƙasa, manya.

Ba don ita ba. Don dai in ta sake ƙirga, ta ƙirga daidai.