Mun Kashe Maganin Ciyawa

Yaya Kabiru,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Abuja? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Safana lafiya, sai zaman ɗar-ɗar ɗin da ka sani.

Kwalbar da ka aiko ta iso, ta ƙwayoyin bakteriyan da kuke fesawa a filin golf su cinye muguwar ciyawa. Na so in gwada a filin ƙwallon makarantarmu, don ƙarangiya ta hana yara wasa, ga shi daji ya gagara shiga.

Kawu Sale ya shinshina kwalbar ya ce, "Maganin da ba ya wari ba ya aiki." Na biye masa, muka haɗa da maganin feshin gona don ya ƙara ƙarfi. Sai bayan mun gama na duba takardarka: ashe abin mai rai ne, mun kashe shi. Fili ya ƙone ƙurmus, ƙarangiya kuwa ta sake tsirowa.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Don Allah ka aiko wata kafin damina ta wuce. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Wannan karon hancin Kawu ba zai kusance ta ba.

Ƙaninka,
Nura